Sunan Tudun da Sekove Yake Kwance

Salanieta ba ta iya ganin abu a rufe ta wuce shi. Tun tana yarinya ita ce ta kwance bayan rediyon babanta da wuƙar fere rogo, wai tana so ta ga inda masu maganar suke zama. Ta sha duka, amma halin bai bar ta ba. Yanzu tana da shekara hamsin da takwas da jikoki huɗu, ita ce sakatariyar matan coci, kuma har yau in ka ajiye kwali a gabanta ka juya baya, sai ka dawo ka tarar an leƙa. Don haka ranar da taubashinta Apisalome ya sauka daga jirgin ruwan Suva, babban birni, da takardar fansho da jakar kwamfuta a kafaɗa, duk ƙauyen ya san inda Salanieta za ta tare.

Apisalome ɗan gwaggonta ne. Gwaggon a ƙauyen nan ta yi aure, tun kafin Salanieta ta biyo sawunta ita ma ta auri ɗan ƙauyen, marigayi Sekove. Shekara talatin Apisalome ya yi a ofishin safiyo yana auna ƙasar mutane, ya dawo da tumbi da tabarau da wata sabuwar aƙida: shi dai manhajar da ba a buɗe cikinta kowa ya gani ba, ba za ta kwana a na'urarsa ba. Mutane suna gudun sa in ya fara wannan wa'azi. Salanieta kaɗai take zama, ita ma rabin zaman don ta tsokane shi ne.

"Ke Sala, wannan kwamfutar taku ta coci ai ta girme ki," ya ce, ranar da ta kai masa ita a naɗe cikin zane.

"To ai shi ya sa na kawo wa tsoho ɗan'uwanta. Ta daina buɗe min wasiƙu. Ka gyara ko ka faɗi gaskiya ka ce ba ka iya ba."

Ya gyara kuwa. Ya zuba mata LibreOffice, wasiƙun matan coci na shekara bakwai suka buɗe tsaf. Ya sa mata VLC, mai hoton mazugin nan ruwan lemo irin wanda masu gyaran titi suke jerawa, ya ce babu bidiyon da zai gagare shi, ko da kakan wani ne ya ɗauka. Sannan ya karɓi wayarta ya sauke mata taswirar da ke aiki ko babu sabis, abin da ya fi komai amfani a tsibirinsu na Kadavu, inda sai ka hau bayan makaranta kafin wayarka ta tuna waya ce.

"Na wane ne?" ta tambaya.

"Na kowa."

"Babu abin da yake na kowa. Ko kwakwar da ta faɗo a hanya tana da mai ita. Wa ya yi?"

"Mutane. Wani a nan, wani a can. Wani malamin makaranta ne, wata likita ce, in sun tashi aiki sai su zauna su ɗan ƙara wani abu, su bar wa na baya."

"Kuma ba su san ni ba?"

"Da sun san ki ai da sun sa kwaɗo."

Abin ya tsaya mata a rai kwana da kwanaki. A saninta, in mutum ya ba ka abu, sai ka zauna a ƙasa ka tafa masa, in babban abu ne ka kai saiwar yangona, wadda ake dakawa a jiƙa a sha don girmamawa, ƙofar gidansa. Ga shi ta karɓi kaya har uku daga hannun mutanen da ko sunan ƙauyensu ba ta sani ba. Ta dinga shiga lungu-lungu na manhajojin, har ta gano inda aka jera sunayen masu aikin, ta zauna ta karanta su ɗaya bayan ɗaya kamar sunayen masu kawo gudummawar biki.

Abu ɗaya ne kawai ba ta buɗe ba. A jakar hannunta akwai kwalin ashana, a cikinsa akwai ɗan katin tsohuwar kyamarar Sekove. Kyamarar ta sha ruwan teku ta mutu tun yana raye, katin kuma babu wayar da ta yarda ta karanta shi. Apisalome ya ce ta kawo, mazugi zai buɗe. Ta ce wata rana. Shekara biyu ke nan da rasuwar Sekove, kuma gaskiyar magana tsoron jin muryarsa take yi.

Taswirar ce ta zame mata abin wasa. Ta nemo coci, ta nemo makaranta, ta nemo rufin gidanta. Ta bi hanyar gona da yatsa har gindin mangwaro. Wata ranar Talata tana jiran rogo ya dahu, sai ta ja yatsanta gabas, ta bi bakin ruwa zuwa tudun nan da ya kutsa cikin teku, inda dangin mijinta suke binne matattunsu. Sai ta ga an rubuta suna a kansa da Turanci. Ta karanta sau uku. Gaɓar Masoya.

Rogon ya ƙone a ranar.

Tudun yana da suna, amma ba a faɗinsa haka kawai. Mutanen ƙauye "can sama" suke cewa, kowa ya gane. Babban dangi ne kaɗai yake kiran sunan, shi ma sai ranar binnewa, da murya ƙasa-ƙasa, yana sanar da waɗanda suka riga mu cewa ga wani nan tafe. Yara sun tashi ba su taɓa jin sa ba. Yanzu kuma waya ta ba su wani, mai sauƙin faɗa, mai ban dariya.

Da ta buɗe kunne sai ta ga ashe ita ce ta ƙarshen sani. Mai jirgin da ke kai mutane garin Vunisea ta ji yana gaya wa wata nas, "In mun wuce Gaɓar Masoya ruwan zai kwanta." Jikarta ta ji tana gaya wa ƙawarta cewa kakanta a Gaɓar Masoya yake. Nan fa Salanieta ta ɗaura zane ta nufi gidan Apisalome, ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

"Mutanen nan naka masu kirki, wanne ne a cikinsu ya yi wannan?"

Ya gyara tabarau ya duba, suka hau bayan makaranta inda akwai sabis, ya shiga tarihin wurin, domin taswirar ba ta ɓoye wanda ya rubuta abu da ranar da ya rubuta. Wani baƙo ne mai ninƙaya, shekara huɗu da suka wuce. Ya zo da amaryarsa, ya ga farin yashi babu suna, ya ɗauka alheri yake yi.

"To ke me ya dame ki?" in ji Apisalome. "Mijinki yana kwance a Gaɓar Masoya. Wace mace ce ba za ta so haka ba?"

"Api, zan fasa maka tabarau."

Ya ga fuskarta, ya bar wasa. Ya ce ai gyaran ba wuya. Yadda baƙon ya rubuta haka ita ma za ta iya gogewa ta rubuta, ta faɗi dalili, duk mai taswirar a duniya ya ga gyaran. Ya buɗe mata asusu nan take, ya nuna mata akwatin da ake sa suna, ya tura mata kwamfutar.

"Kin san sunan?"

"Na sani."

"To rubuta mana."

Yatsunta suna kan maɓallan, har ta ji harafin farko yana mata ƙaiƙayi. Sai ta janye hannu ta sa a cinya. Shekara talatin da biyar tana ƙauyen nan, ta haifi 'ya'ya biyar a cikinsa, ta wanke gawarwakinsa, amma dai aure ne ya kawo ta. Ƙasar ba tata ba ce. Sunan ya shigo kunnenta ne ta ƙofar baya, bakinta ba shi da hurumin fitar da shi, balle ta manna shi inda duniya za ta gani.

"Sai Ratu Peniasi ya faɗa da bakinsa," ta ce.

"Tsohon da ko waya ba ya taɓawa? Zai ce a bar wa Turawa shirmensu."

"In ya ce haka, shi ke nan, jikokina su yi ta cewa Gaɓar Masoya har su binne ni a can. Kai dai nemo yangona mai kyau. Kai za ka yi min magana."

Ratu Peniasi wan Sekove ne, shi ne babban dangi, Ratu kuwa laƙabin sarauta ne. Tsakaninsa da Salanieta akwai kunyar da ke tsakanin mace da wan mijinta. A shekara talatin da biyar ɗin nan maganar da suka yi kai tsaye ba za ta cika shafi ɗaya ba.

Ranar Asabar da la'asar suka je. Apisalome yana gaba da damin saiwa naɗe cikin jarida, Salanieta tana baya da kwamfuta, don allon waya ya yi wa idon tsoho ƙanƙanta. Suka sunkuya suka shiga, suka zauna daga bakin ƙofa. Maza shida na dangin suna zaune a kan tabarma, Ratu yana can ƙurya, farin gashinsa a taje, bayansa a miƙe kamar kullum.

Apisalome ya tura damin gaba ya yi magana, kuma a yaba masa, duk shekarun Suva ba su lalata masa harshe ba. Ya ce sun zo da ƙaramin abu da babbar buƙata. Ya bayyana taswirar, ya ce gona ce ta gayya, kowa yana zuwa da fartanyarsa, wani baƙo kuma ya shuka abin da ba na wurin ba. Ya ce ba su zo su ɗauki komai ba, sun zo ne mai ƙasa ya faɗi abin da za a yi da ƙasarsa. Ratu ya ɗora hannu a kan damin ya karɓa, aka tafa. Aka daka, aka tace a akushi, ƙoƙo ya zagaya.

Sannan aka juya masa allon. Ya daɗe yana kallo. Ya sa aka matso masa da tudun, aka nesanta, aka sake matsowa. Ya tambaya wa ya hau sama ya zana. Ya tambaya ko mutumin Suva yana ganin wannan, aka ce har na bayan Suva. Salanieta ta lura da yadda yake kai yatsa kusa da allon yana janyewa, ta ce a ranta, ashe dai tsohon nan ma yana da ƙaiƙayin son sani.

"Me suka rubuta?"

Apisalome ya fassara. Wani daga cikin mazan ya yi dariya ya haɗiye ta.

"Ubana yana can," in ji Ratu. "Uwata tana can. Ƙanena yana can." Ya ɗago kai daga allon. "A goge. A rubuta na gaskiya. Wurin nan sunansa..."

Kowa ya sunkuyar da kai, yadda ake yi in za a kira sunan. Salanieta ma ta sunkuyar. Aka jira. Kaza ta yi kuka a waje. Wani ya gyara zama.

Ta ɗago ido kaɗan. Bakin Ratu a buɗe yake, leɓɓansa suna motsi, babu abin da ke fita. Hannunsa yana shafa tabarma kamar mai neman allurar da ta faɗi. Sai ranar binne Sekove ta dawo mata. A ranar ma ya kai daidai nan ya tsaya, ya yi tari, ya wuce zuwa addu'a, kowa ya ce baƙin ciki ne ya shaƙe shi. Sai yanzu ta gane. Sunan ya bar tsohon tun tuni, kuma shi kaɗai ya san haka, shekara biyu yana ɗauke da abin.

Ta dubi mazan shida. Biyu sun girma a Suva, sauran ba su taɓa matsawa kusa da kabari har su ji ba. Nan da numfashi kaɗan ɗayansu zai ɗago kai ya gane, kuma daga ranar Ratu Peniasi ya zama tsohon da ake lallaɓawa. Sunan yana kan harshenta. In ta furta, ta ceci sunan ta kashe mutumin: matar ƙani, baƙuwa, ta tuna wa babban dangi sunan kaburburan iyayensa a gaban 'ya'yansa.

Hannunta ya shiga jaka da kansa, ya taɓa kwalin ashana.

"Kai Api," ta ce da ƙarfi. "Kafin Ratu ya yi magana. Wannan mazugin naka da kake cika mana baki yana buɗe komai, ƙarya kake. Ga kati nan, in ka isa ka buɗe a gaban mutane."

Duk ɗakin ya ɗago. Da wata ce ta katse babban dangi da an fitar da ita. Amma tsakanin taubasai babu mai shiga, ko a gaban sarki, ko a gidan makoki, sai dai a girgiza kai a ce sun fara. Apisalome ya buɗe baki zai tsawatar mata, ya ga kwalin ashanar, ya ga idonta, ya saci kallon Ratu. Mutum ne mai kai, duk da tumbin.

"Ku ji min mata," ya ce. "Ratu, ka yi haƙuri, in ban kunyata ta yanzu ba, ba za mu sha yangona lafiya ba. Kawo nan, 'yar ƙauye."

Ya zura katin. Fayiloli suka fito, ta nuna na uku da yatsa, don ita ta riƙe kyamarar a ranar kuma ba ta manta ba. Mazugi ya bayyana. Allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, har ta fara addu'a a zuci. Sai ƙarar inji ta cika ɗakin, ga teku yana tangaɗi, ga Sekove a bayan jirgi da jar rigarsa mai yagaggen wuya, hannu ɗaya a kan inji.

"Ke Sala, riƙe abin nan daidai mana, kina ɗaukar ƙafata."

Wani ya ce wayyo a hankali. Salanieta ta danne bakinta da gefen zane. Ta yi zaton muryar za ta yanke ta, sai ta ji kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a rufe. Kewarsa ta taso mata gaba ɗaya, da daɗi a cikinta.

Sekove ya nuna tudun da haɓa. "Kin ga can sama? Yana da suna fa. Yaya ne ya gaya min ranar da muka binne Baba, ya ja kunnena ya ce kada in kuskura in gaya wa mace. To ni ba ke nake gaya wa ba, kyamara nake gaya wa. Ke toshe kunnenki." Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika allon. "Muanikula. Yaya, in ka ga wannan, ka yafe."

Ɗakin ya fashe da dariya, irin wadda hawaye ke biyo bayanta. Apisalome ya tsayar da bidiyon a kan fuskar Sekove yana dariya, ya cire tabarau yana gogewa, ya ma manta bai yi wa Salanieta gori ba.

Ratu Peniasi bai yi dariya ba. Ya dubi ƙanensa a allon ya daɗe.

"Ɗan banza," ya ce a hankali. "Tun yana yaro ba ya riƙe magana." Ya miƙe bayansa, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya faɗa da muryar da ake ji har waje, ba ƙasa-ƙasa ba. "Muanikula. Sunan wurin ke nan. Kun ji, ku shida. Ku gaya wa 'ya'yanku, mata da maza. Mun yi ta ɓoye shi har baƙo ya zo ya tarar da wurin babu kowa."

Aka tafa sau uku. Apisalome ya jawo kwamfutar zai rubuta, Ratu ya ɗaga hannu.

"Ba kai ba. Ita."

Salanieta ta matso a kan gwiwoyinta. Ta goge Gaɓar Masoya harafi bayan harafi, ta rubuta sunan, ta duba shi sau biyu. A akwatin dalili ta rubuta cewa makabarta ce, babban dangin masu ƙasar ne ya faɗi sunan da bakinsa yau Asabar, kuma ana gaida baƙon da ya fara rubutawa, ba a yi fushi ba. Sai an hau bayan makaranta kafin gyaran ya tafi, amma ya riga ya zauna. Ta ji wani nauyi ya sauka, har da na mutanen nan masu dogon jerin sunaye. Yau dai ta kai musu nata damin.

Ƙoƙo ya sake zagayawa, hira ta ɓarke, kowa yana ba da labarin wata ɓarnar Sekove. Da suka tashi tafiya, Apisalome ya riga ta fita. Tana naɗe kwamfutar a zane sai ta ji an kira ta, ba da sunan ɗanta na fari ba kamar yadda ya saba in dole ta kama, da sunanta.

"Salanieta."

Ta durƙusa, idonta a tabarma.

"Abin nan," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Akwai sauran wuri a cikinsa? Akwai rafuka, da duwatsu, da mashigin jirgi guda uku, kowanne da sunansa."

"Akwai wuri, Ratu. Ba ya cika."

Ya gyaɗa kai. Hannunsa ya sake shafa tabarmar.

"To ki zo gobe bayan coci. A'a, kafin coci. Da safe sunayen sun fi zuwa min."